Waiwaye: Sai da Na Je Meziko Na Nemi Sunan Kakata

Zoɓo ne ya kai ni Meziko. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka wasa nake yi, amma duk ɗan kasuwar Dawanau ya san cewa zoɓon da ake nomawa a Jigawa, a tara a Maigatari da kasuwannin kewaye, a loda a kwantena a Legas, kaso mafi tsoka nasa can yake sauka. Mutanen ƙasar suna ce masa hamaika. Jiƙa shi suke yi da sukari da ƙanƙara, su zuba a manyan tulunan gilashi a bakin titi, kamar dai yadda ake yi a Fagge da azumi. A daminar 2016 na bi maigidana, Alhajin da nake yi wa akawu, muka je ganin wani mai saye da ya daɗe yana karɓar kayanmu ba mu taɓa haɗa ido da shi ba. Aikina a tafiyar bai wuce riƙon jakar takardu da buga lissafi ba.

Birnin Meziko a kan tudu yake, sama da mita 2,200 daga matakin teku, iskarsa ba ta cika wa baƙo ƙirji. Kwana uku muka yi muna kai da kawo tsakanin masauki da Central de Abasto, babbar kasuwar sari ta birnin, wadda ƙafa ba ta gama zagaya ta a wuni ɗaya. 'Yar mai sayen, wanda shi ne mai masaukinmu, ita ce ke yi mana tafinta. Ɗalibar tarihi ce a UNAM, babbar jami'ar ƙasar. Ita ke juya Sifaniyancin mahaifinta zuwa Turanci, ni kuma in juya wa Alhaji zuwa Hausa. Da ta ji Alhaji yana ta kiran “Akawu, Akawu,” sai ta ɗauka sunana ke nan na yanka, ta riƙa ce mini Sinyor Akawu. Ban gyara mata ba. Ni kuma Malama nake ce mata, don ba ta wucewa ta gaban gini ba ta faɗi shekarar da aka gina shi ba.

Ran Asabar Alhaji ya ce numfashinsa ba ya kai masa, zai kwanta. Malama ta ce in zo ta nuna mini tsohon gari. Ni tsaraba ce a raina. Muka ratsa Zócalo, babban filin tsakiyar birni, muka nausa arewa ta cikin lunguna masu tsofaffin benaye, har muka tsaya a gida mai lamba 17 a titin República de Bolivia. Ta ce nan ne Museo de la Mujer, wato gidan tarihin mata. An buɗe shi ran 8 ga Maris 2011, ranar mata ta duniya, bisa ƙoƙarin wata masaniyar tarihi, Patricia Galeana, da ƙungiyar matan jami'a ta ƙasar, da goyon bayan UNAM. Ginin kansa tsohuwar maɗaba'ar jami'ar ce. Ba zan ɓoye ba, a raina cewa na yi: gidan tarihin mata kuma? Me za a ajiye a ciki, tukwane da tsintsiya? Ni da na shekara ashirin ina wucewa ta ƙofar Gidan Makama a Kano ban taɓa leƙawa ba, yau ga ni zan biya kuɗi in kalli tarihin matan wasu. Kunyar Malama ce ta shigar da ni.

Gidan ba shi da girma. Ɗakuna takwas ne, an jera su bisa zamani, daga kafin zuwan Turawan Sifaniya har zuwa yau. A ɗakin mutanen dā na fara sassauta wuya. Malama ta ba ni labarin abin da wani limamin Kirista, Bernardino de Sahagún, ya rubuta a ƙarni na 16 daga bakin tsofaffin Aztek. In aka haifi namiji, ungozoma takan ba mayaƙa cibiyarsa su binne a fagen fama. In mace ce, sai a binne tata a gindin murhu, don ta san nan ne mazauninta. Murhun nasu ma duwatsu uku ne kamar namu, ga dutsen niƙa da ɗansa, wanda mace ke durƙusawa a kansa tun asuba tana niƙa masara. Na ce mata mu ma mutum yakan ce ga inda aka binne cibiyarsa in yana nufin asalinsa. Ta ƙara da cewa wadda ta mutu a kan gwiwa, Aztek suna ba ta darajar jarumin da ya faɗi a yaƙi. Na ce a wajenmu shahada ce. Muka dubi juna. Masarar da nake tuwo da ita, da barkonon miyata, daga wannan ƙasa suka faro, ban taɓa tunanin hannun wa ya fara sarrafa su ba.

Daga nan muka zo kan wata tafinta. A 1519, bayan Baturen Sifaniya Hernán Cortés ya ci mutanen Tabasco da yaƙi, aka ba shi kyautar bayi mata ashirin. Ɗaya daga cikinsu tana jin harshen Maya da na Nahuatl, ba da jimawa ba ta iya Sifaniyanci. Aka yi mata baftisma da suna Marina, mutanen ƙasa suka ce Malintzin, daga baya ya koma Malinche. Ta bakinta Cortés ya yi magana da sarki Moctezuma, tana tare da rundunarsa har birnin Tenochtitlan ya faɗi a 1521. Har yau a Meziko in ana so a zagi wanda ya fifita baƙo a kan na gida, da sunanta ake zaginsa. Malama ta ce, “Sinyor Akawu, yarinya ce da aka sayar, aka kuma kyautar. Duk maganar da ta shiga tsakanin sarakunan nan ta bakinta ta bi, amma ko jimla ɗaya da ta rubuta don kanta ba mu da ita. Sunan da aka raɗa mata a gidansu ma ya ɓata.” Na lura muryarta ta sauya. Kwana uku ita ma tana tsakanin manya tana ɗaukar maganar wannan tana kai wa wancan, a takardar yarjejeniyar da na tsara kuwa babu inda sunanta ya fito.

A ɗakin zamanin mulkin Sifaniya na ga fuskar da na sani. Na zaro takardar peso 200 daga aljihu, ga ta nan. Kwana uku ina sayen abinci da hoton Sor Juana Inés de la Cruz ban tambayi ko wace ce ba. An haife ta a tsakiyar ƙarni na 17 a ƙauyen Nepantla. Ta iya karatu tana 'yar shekara uku, ta cinye littattafan kakanta, har ta roƙi mahaifiyarta ta sa mata kayan maza ta tura ta jami'a, don ba a ɗaukar mata. Ita da kanta ta ba da labarin yadda take yanke gashinta ta ɗibar wa kanta wa'adi: in ya tsiro ba ta ƙware a abin da ta sa gaba ba, sai ta sake yankewa. Tana budurwa aka tara mata malamai kusan arba'in a fadar wakilin sarkin Sifaniya suka yi mata tambayoyi, ta amsa. A 1669 ta shiga gidan sistoci na San Jerónimo, domin a zamaninta nan ne kaɗai mace za ta samu ɗaki da littafi da shiru. Ta rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Da wata shugabar gidan ta hana ta taɓa littafi, sai ta koma nazarin yadda ƙwai ke sauyawa a cikin mai a kasko.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda aka yi mata ƙofar rago. Bishop na Puebla ya buga wata takarda yana yi mata faɗa ta bar ilimin duniya, amma bai sa sunansa ba, ya ari sunan mace, Sor Filotea. A 1691 ta mayar masa da doguwar amsa tana kare haƙƙin mace na neman ilimi, tana lissafo mata masana na dā ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Bayan 'yan shekaru aka raba ta da littattafanta. Ta rasu ran 17 ga Afrilu 1695, tana jinyar 'yan uwanta sistoci a wata annoba. Gidan da ta zauna yanzu jami'a ce mai ɗauke da sunanta.

Nan na samu bakin magana. Na ce wa Malama mu ma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka wajen mata. Na ce ita mahaifinta da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo duk sun tsaya mata, ba wanda ya ƙwace mata alƙalami. Na faɗi haka ina jin kaina. Malama ta rubuta sunan a wayarta, ta tambaye ni waɗanne rubuce-rubucenta na karanta. Na yi tari.

Ɗakin yaƙin neman 'yanci cike yake da matan da aka kulle. Josefa Ortiz de Domínguez matar mai mulkin Querétaro ce. A Satumba 1810, da asirin masu shirin tawaye ya tonu, mijinta ya rufe ta a ɗaki don kada ta jefa kanta cikin rigima. Ana ba da labarin cewa da dugadugin takalminta ta bubbuga daɓe har wani amintacce da ke ƙasa ya ji, ta ba shi saƙo ya kai. Saƙon ne ya sa Miguel Hidalgo ya kira jama'a a garin Dolores ran 16 ga wata, ranar da Meziko ke bikin 'yancinta har gobe. Sai Leona Vicario, 'yar masu hali, wadda ta ƙarar da dukiyarta a kan mayaƙan. Aka tsare ta a 1813, ta tsere, ta bi daji da su, har ta haifi 'yarta ta fari a cikin kogo. Bayan an samu 'yanci, wani babban minista, Lucas Alamán, ya ce ai soyayyar saurayinta Andrés Quintana Roo ce ta ja ta. A 1831 ta ba shi amsa a jarida cewa da hankalinta ta yi abin da ta yi, kuma kishin ƙasa ba gadon maza kaɗai ba ne. Na yi dariya a wajen nan, don na san maganar. Mace ta yi abin kirki a kasuwa, sai ka ji an ce ai mijinta ne ke juya ta.

Muka wuce ɗakin malaman makaranta da likitoci, inda Matilde Montoya take, wadda ta zama likita mace ta farko a ƙasar a 1887. Muka iso juyin juya halin 1910. Nan ne na daɗe. Malama ta ce rundunonin wancan yaƙi ba su da masu dafa abinci na gwamnati, mata ne ke bin su. Suna tafe da dutsen niƙa da kasko da goyo, a kan rufin jirgin ƙasa ko a ƙasa bayan dawakai. Su ke neman itace da ruwa, su niƙa masara, su yi jinyar masu rauni, wasu su ɗauki bindigar wanda ya faɗi. Ana sanin Carmen Serdán ta Puebla, wadda ta yi harbi daga gidansu ran 18 ga Nuwamba 1910, domin 'yar gidan sanannu ce. Sauran dubban kuwa laƙabi ɗaya aka yafa musu, Adelita, daga wata waƙa da sojoji ke rerawa. Na tambayi sunayensu. Ta ce littafin albashin soja maza yake rubutawa.

Maganar ta soke ni, don ni ma ina da littafi. A sitonmu na Kano, kafin a ɗura zoɓo a buhu sai mata sun zauna sun tsince shi, sun fitar da kara da tsakuwa da ƙura, daga safe har la'asar, hannuwansu sun rine ja. Tsabtar aikinsu ce mai sayen Meziko yake yabawa. A littafina kowane direba da sunansa, kowane dillali da sunansa, har 'yan dako na san na rubuta shugabansu. Matan kuwa layi ɗaya ne a ƙasan shafi: masu tsinta, kaza. Ban faɗa wa Malama wannan ba.

Ɗakin 'yancin zaɓe ya koya mini cewa kalma ɗaya tana iya cin shekara talatin da shida. A Janairun 1916 mata fiye da 600, yawancinsu malaman makaranta, suka yi taro a Mérida ta jihar Yucatán. Hermila Galindo, sakatariyar shugaba Venustiano Carranza, ta rubuta wa masu tsara kundin mulki tana neman a ba mata ƙuri'a. Kundin 1917 ya fito bai ce an hana su ba. Kalmar 'yan ƙasa kawai ya yi amfani da ita a siffar jam'in maza, wanda a Sifaniyanci yakan haɗa maza da mata in an ga dama. Ba a ga dama ba. A 1923 aka zaɓi Elvia Carrillo Puerto majalisar Yucatán, amma da aka kashe ɗan'uwanta gwamna Felipe a farkon 1924 dole ta bar kujerar. A 1937 shugaba Lázaro Cárdenas ya aika da gyara, majalisa ta amince, jihohi suka amince, sai aka ƙi buga shi a jaridar gwamnati, don tsoron kada mata su zaɓi wanda limaman coci suka nuna musu. Sai ran 17 ga Oktoba 1953, zamanin Adolfo Ruiz Cortines, aka rubuta ɓaro-ɓaro a sashe na 34 cewa maza da mata. Ran 3 ga Yuli 1955 suka jefa ƙuri'ar tarayya ta farko. Na yi lissafi da yatsu: matan Arewacin Nijeriya sai 1976 suka fara zaɓe, bayan irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan maganar. Mahaifiyata ta haife ni kafin ta samu ƙuri'a.

Kada mai karatu ya ɗauka aljannar mata na gano. Ɗakin ƙarshe ya kawo taron mata na duniya na farko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a birnin a 1975, da Griselda Álvarez, gwamna mace ta farko, a jihar Colima a 1979. Amma Malama ta fi daɗewa a kan Ciudad Juárez, garin bakin iyakar Amurka, inda tun 1993 ake tsintar gawarwakin 'yan mata, da yawansu ma'aikatan masana'antu. Iyayensu mata suka riƙa kafa gicciye masu launin hoda, kowane da sunan yarinya a jiki. Ta kuma ambaci Rosario Ibarra de Piedra, wadda ɗanta ya ɓata a hannun jami'an tsaro a 1975, ta rataya hotonsa a ƙirji tana neman sa, har ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 1982. Ta ce hukuma takan ba da adadi, uwa kuwa suna take kira.

Muna shirin fita ruwan la'asar ya tsuge, irin na daminar birnin. Muka zauna jira. Don in cike shiru na ce na lura kowa a nan sunan gida biyu gare shi. Ta ce na farko na uba ne, na biyu na uwa. Na ce to ai kun gama, ba a mance uwa a nan. Ta girgiza kai. Ta ce sunan da ake cewa na uwa ai na mahaifin uwar ne, kuma jika ba ya gadonsa, a hawa na biyu yake faɗuwa. Sannan ta juyo ta ce, “Ku fa? Lissafa mini iyayenka maza.” Na gyara zama na jero shida ba gargada, har wanda ya taso daga Borno ya kafa gidanmu. Ta ce madalla, saura mata: mahaifiyarka, da wadda ta haife ta, da wadda ta haifi wannan.

Na farko na sani, amma harshena ya yi nauyi. Na yi mata bayanin cewa Bahaushe ba ya kama sunan uwarsa, yara ma in suna faɗa, wanda ya ambaci sunan uwar wani ya kai maƙura. Ta ce to kada in faɗa, in riƙe a zuci, in wuce ta biyu. Kakata ta wajen uwa ta goya ni, na ci ɗumamenta, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Na buɗe baki, abin da ya zo shi ne Dada. Na laluba ko'ina a kaina, Dada dai. Ta uku kuwa ko laƙabinta ban taɓa ji ba. Malama ba ta ce komai ba. Ruwa ya ɗauke, muka fito, na sayi tsarabar da ban tuna ko mece ce ba.

Mako biyu da dawowata na tambayi Hajiyarmu sunan Dada. Ta dube ni kamar na zo da sabon addini, ta ce, “Kai da malamin duba da takardar banki, ku ne masu tambayar sunan uwar mutum. Je ka wajen ƙanwar Dada tun tana da rai.” Na hau mota zuwa ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Na tarar da tsohuwar a kan tabarma, idanu sun tafi, kunne da baki garau.

“Lale da angona! An je ƙasar Turawa an dawo, ina lefena?”

“Amarya, ga atamfa ga goro. Amma yau da tambaya na zo. Dada, mene ne sunanta na yanka?”

“Ji ja'iri. Yayata ce fa. To mai sunan matar Ma'aiki ta fari ce. Ba ga Uwani 'yar kawunka ba? Ai sunanta ta ci.”

Shekara arba'in ina kiran Uwani, ban taɓa tambayar wace uwa aka ɓoye a bayan sunan ba.

“To wadda ta haife ku fa?”

Ta yi shiru, ta gyara mayafi. “Uwata kake so in kama da bakina? Mai sunan uwar Hasan da Husaini.” Sai kuma baki ya buɗe. Ta ce shekarar da fara ta cinye gero, mahaifinsu ya tafi cin rani bai aiko ba, uwarsu ce ta riƙe gidan da kaɗi. Tana kaɗa zare har fitila ta mutu, ta ba yaro ya kai wa masaƙa ran kasuwa. Da kuɗin zaren ta sayi tunkiya, tunkiya ta zama garke, garken ya sayi gonar bakin fadama. Na ce wace gonar, gonar Malam mahaifinku? Ta ce, “Ita. Sunansa aka sa, kuɗinta ne. Yakuwar da ke iyakar gonar ma ita ta fara zuba irinta.” Gonar da aka sayar da amfaninta aka biya mini kuɗin makaranta ke nan.

Na ce saura ɗaya, kakarku ta wajen uwa. Ta daɗe tana tunani. Ta ce su dai Ta-Bakin-Rijiya suke ce mata, masu sanin sunan duk sun riga mu gidan gaskiya. A nan igiyar ta tsinke, kuma ba mai ƙulla ta har abada. Ita ma tsohuwar ba ta ga damina biyu bayan wannan hira ba. Da na yi jinkiri, da ta tafi da sunaye biyu da labarin gona.

Ban dawo daga Meziko ina ƙyamar alkunya ba. Har yau ban kama sunan Hajiyarmu, kuma ba na so 'ya'yana su kama na tasu uwar. Abin da na gane shi ne, namiji ma ana yi masa alkunya, amma sunansa yana da wasu maɓoya: yana bayan sunan 'ya'yansa, yana takardar gona, yana bakin maroƙi. Na mace ba shi da ko ɗaya, in bakin da ya san shi ya rufe, shi ke nan. Girmamawar da muke yi mata ita ke binne ta sau biyu. Ba haka magabata suka yi da matan gidan Annabi ba, kowa ya san sunayensu, da su muke raɗa wa 'ya'yanmu. Rayuwar Baba ta Karo ma da ta zama littafi a 1954, sai da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a gabanta da alƙalami. Tsofaffi irinta kuwa kowane gida akwai.

Baki ne ke jin kunya, takarda ba ta ji. Na sayi littafi mai bango mai tauri na rubuta abin da na samo, na bar layin Ta-Bakin-Rijiya da laƙabinta da fili a gabansa. A sito kuma na sauya tsarin shafi. Ranar da na fara kiran masu tsinta ɗaya bayan ɗaya ina tambayar suna, wasu dariya suka yi, wasu suka tsorata ko korar su za a yi. Wata dattijuwa ta ce shekararta tara a wajen, yau ne aka fara tambayarta. Alhaji ya ce ina ɓarnar takarda. Da rigimar kuɗin wuni ta taso bayan wata biyu, littafin ne ya raba gardama, bai sake magana ba.

Ran 1 ga Oktoba 2024 na ga an rantsar da Claudia Sheinbaum shugabar Meziko, mace ta farko, shekara 71 bayan gyaran 1953. Wadda ta miƙa mata ɗamarar mulki, Ifigenia Martínez, tsohuwa ce, ta rasu bayan kwana huɗu. Na nemi in aika wa Malama barka, sai na ga a wayata Malama Meziko na ajiye ta. Sai da na tono tsofaffin wasiƙun mahaifinta na samo sunanta. Na rubuta mata da shi, na kuma sa hannu da nawa na yanka, na ce mata Akawu aiki ne.

Da daddare 'yata ta tsakiya ta ɗauko littafin mai bango mai tauri tana karanta wa ƙannenta. Ta karanta sunan Dada, ta karanta na mai kaɗin zare, ta zo kan filin da na bari. Ta ce, “Baba, wannan fa?” Na ce wannan mun makara. Ta ɗauki biro ta koma ƙasan shafin, ta rubuta sunan kakarta Hajiya, ta rubuta na uwarta, ba ta furta ko ɗaya ba, sannan ta sa nata a ƙarƙashi.